Ƙafar Da Ba Ta Jin Wuta

Nasarawa Burkullu

Zuwa ga ɗana Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Sakkwato lafiya, kai da matarka Saratu da yara. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutanen hanya, Ya sa ka shiga garin a sa'a, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari. Amin.

Na ba Saratu takardar nan, na ce kada ta miƙa maka sai kun sauke kaya kun huta, don na san halinka. Da a gida na tsare ka da wannan magana, kafin in kai tsakiya za ka ce, "To Inna, na ji," ka kaɗe riga ka fice. Ka yi haƙuri da rubutun, na makarantar manya ne, ga ido ya fara yi mini gardama.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka baro shi ka san yadda yake. Maganar gurun babanka ce. Ranar da kake haɗa kaya ka ce in ba ka gurun nan da yake ɗaurawa a ƙugu, da ƙullin garin da yake sha, ka ce hanya ta lalace, kana son abin da ya sa ƙarfe da wuta ba sa cin babanka. Na ɗauko na ba ka, don naka ne. Amma akwai labarin da ya kamata in haɗa maka da shi, bakina ya kasa. Tun kana yaro kake jin rabinsa a bakin Bappanka Umaru, ƙanen babanka, shi kuma wurin daɗin kawai yake faɗa. Ni ce na ga abin da ya sami ƙafar babanka daga farko har ƙarshe.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga Gummi, babanka siriri ne kamar sandar makiyayi. Da sassafe yake saɓa hauya ya tafi gona, ba ya dawowa sai la'asar, guzurinsa fura da nono, sukari kuwa sai da azumi muke ganinsa. Ya sha tauri da samartaka kamar sauran sa'o'insa, amma ni ban ga inda taurin ya hana shi raki ba. In ƙaya ta soke shi, zai zo yana ɗingishi ya miƙo mini ƙafa, in ɗauko allura, tun ban taɓa shi ba ya fara, "A hankali, Abu, a hankali, ƙahwar mutum ta!" In yi ta dariya har allurar ta faɗi.

Da zinariya ta fashe a wajen Anka, maza suka kwashe suka tafi, shi ma ya bi. Bai shiga rami ba, tsoron rami yake. Tebur ya kafa kusa da inda ake niƙa dutse, yana sayar da shayi da burodi da lemon kwalba. Daga safe har yamma yana zaune a kan benci ɗaya, abin da yake sayarwa shi ne abincinsa, shayin nan mai kauri da madara da sukari har cokali ya ji nauyi. Duk zuwan da zai yi gida sai in ga ya ƙara faɗi. Ya aje tumbi, wuya ya yi taiɓa, rigunansa suka matse. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Mata suna ce mini, "Abu, kin iya kiwo," ina ƙara yi masa shinkafa da mai, ina zuba sukari a furar da dā ko gishiri ba ta sani ba. A ganina talauci ne yake fita daga jikinsa.

Nan na fara kuskure. Tumbin da ya zo wa mutum bayan ya aje hauya ba arziki ba ne, Bello. In an ce maka ka yi kyau ka murje, ka yi godiya, amma ka tambayi kanka yaushe rabonka da gumi.

Sai shekarar nan da yara suka yi ta mutuwa a Dareta da Tungar Guru saboda gubar dalma. Kana da wayo, ka tuna. Wannan cuta da ihu ta zo, yaro yana wasa sai ya sanƙare, iyaye mata suna kururuwa, motocin baƙi suna shigowa. Tsoro ya koro babanka gida, ya buɗe teburinsa a nan bakin kasuwa. Tun daga lokacin, duk wanda ya taɓa zama wajen Anka, in wani abu ya same shi, suna biyu muke da shi a shirye: ko dalma ce, ko iskokin rami ne suka biyo shi. Ba mu bar wuri ga suna na uku ba.

Wata rana yana alwala na ga bayan wuyansa ya yi baƙi, wani baƙi mai laushi da ya kwanta cikin lanƙwasar fata. Na ce ƙurar dutse ce ta kama. Na zaunar da shi na sa soso da sabulun salo, na dirje har fatar ta yi ja, baƙin yana nan. Na sake washegari, na sake bayan kwana biyu, har ya ce in ƙyale masa wuya ko so nake in fiɗe shi. Na bari, na ce dauɗar zinariya ce, ba ta fita.

Daga nan sai ƙishirwa. Ban taɓa ganin irinta ba. Zai kafa kai a moɗa ya shanye, ya sake ɗiba, yana ajewa leɓensa a bushe kamar bai sha ba. Randar da ke kai mu yamma ta koma ƙarewa kafin azahar. Buta ba ta barin hannunsa, yana fitowa daga makewayi yana komawa. Ga ci kamar ba gobe, amma jikin nan da na yi ta murna da shi ya fara zubewa, sai tumbin kaɗai ya rage a gaba, hannu da ƙafa sun tsuke.

Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne kiyashi. Da rana tsaka, gida shiru, na fito zan shanya gero, sai na ga layinsu ya fito daga gindin katanga, ya ratsa tsakar gida a miƙe, bai karkata wajen madafa ba, bai kula da tsabar da ta zube ba, ya shige makewayi. Na bi su. Can lungun da babanka yake tsugunawa suka taru, wurin ya yi ja da su, gefen da mu sauran muke zuwa kuwa ko ɗaya babu. Na share na zuba toka. Washegari suka dawo ta wata hanya. Na wanke kaya na shanya a igiya, namu duka a jere, na dawo na iske wandonsa kaɗai suka hau. Ranar da na gan su sun nufi tabarmarsa yana kwance yana barcin rana, suna tafe a hankali kamar waɗanda aka aiko, na tsaya da tsintsiya a hannu na kasa ɗaga ta. Na ji tsoro ƙwarai, Bello, tsoron mijina na ji.

Me zan ce in ba sammu ba? Mutum yana ci yana ramewa, ƙwari suna bin sa shi kaɗai. Na ce wani ne a Anka ya yi masa ajiya saboda teburinsa ya fi ciniki. Aka karɓo rubutu, ni kuma don in ƙara masa ƙarfi na riƙa wanke shi da zuma. Da safe zuma a kunu, da rana zuma a fura, da yamma dabino da zuma a cokali. Har akuyata na rabu da ita don kada zumar ta yanke. Zuma abu ne mai albarka, ban musa ba, amma ga mai irin ciwon babanka daidai take da zuba wa wuta mai. Kiyashin nan ba wanda ya aiko su. Zaƙi suke bi, zaƙin da ya cika jininsa har yana fita a fitsari, ni kuma ina tsaye da cokali ina ƙarawa.

Don haka in jikinka ya yi maka wani abu da ba ka gane ba, ka yi addu'a, ka sha rubutunka, amma ƙafarka ta kai ka inda za a duba jini kafin ka fara neman wanda ya yi maka. Mun ɓata shekaru muna zargin mutumin da ko sunansa ba mu sani ba.

Yanzu ga ranar da Bappanka yake ba ku labari. Damina ce, an yi ruwa an ɗauke, gari ya yi sanyi da la'asar. Na kawo musu kaskon garwashi ƙarƙashin rumfa suna gasa masara, shi da Umaru, ni ina gefe ina tsinke rama. Suna hira suna dariya. Sai na ji wani ƙauri da ba na masara ba. Na duba madafa, ban ɗora komai ba. Umaru ma ya ɗaga hanci ya ce, "Wai wa ka babbaka cikin unguwag ga?"

Babanka ya ce, "Wataƙila maƙwabta sunka yanka wani abu." Yana faɗa yana juya masararsa.

Ni na fara ganin hayaƙin. Siriri ne, yana tashi daga ƙarƙashin diddigensa na dama. Garwashi ne ya gangaro daga kasko, ya ɗora ƙafa a kai, ya danne, yana ta zancensa. Na yi masa nuni da hannu. Ya ɗaga ƙafar, garwashin ya manne a fata, ya sa yatsa ya ture shi, ya tsaya yana kallon ramin da ya bari kamar ƙafar wani ce aka miƙo masa.

Umaru ya ce, "Yaya, ba ka ji ba?"

Ya ce, "Ban ji komi ba."

Ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa. Sai Umaru ya buga cinya ya miƙe tsaye ya ce, "Allahu akbar! Taurin ya kama! Yaya, maganin da kas sha tun muna samari, sai yanzu yan nuna. Wuta ba ta cin ka!"

Na ga fuskar babanka. Da farko tsoro ne a cikinta, na rantse na gani. Amma maganar ƙanensa ta fi tsoron daɗi, sai ya saki murmushi. Mutumin da ya daɗe yana ramewa, ana yi masa kallon wanda aka gama da shi, yau an ce masa ya fi kowa. Ni ma, Bello, na yarda. Har guɗa na yi. Na ce ashe duk ramar nan magani ne yake aiki a jikinsa, kuma wanda ya yi masa sammu ya ji kunya.

Kafin Juma'a labari ya gama gari. Samari suna zuwa teburinsa suna roƙon ya sam musu garin, ya aje takalmi ya koma yawo ƙafa a ƙasa don a gani. Ya taka ƙaya ya wuce, ya taka kwalba ya wuce. Wata rana ya shigo gida na ga sawun jini yana bin sa tun daga zaure, na zaunar da shi na zaro ƙusa daga tafin ƙafarsa, yana ta ba ni labarin farashin gero. Ba wanda ya tsaya ya ce, to in tauri ne, me ya sa ƙarfen yake shiga? Tauri ai hana shiga yake yi, in ji masu shi. Wannan yana shiga, jini yana zuba, jin ne kawai babu. Duk garin nan da masu hankalinsa, ba wanda ya yi wannan tambaya, har ni da nake wanke jinin.

Ƙunar diddigen ba ta warke ba. Na sa bagaruwa, na sa man shanu, na ɗaure na kwance. Bakin ciwon ya yi fari, cikinsa ya yi zurfi, yatsu suka fara duhu. Ɗakin ya ɗauki wani wari mai zaƙi-zaƙi da turare ba ya kashewa. Shi kuwa yana zaune a kan tabarma yana cin tuwo, ƙuda sun rufe ƙafar, yana ce mini, "Ke dai kin cika tsoro, Abu. Abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba na." Sai da zazzaɓi ya kayar da shi, ya fara kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa, sannan aka ɗauke shi zuwa asibiti a Gummi.

Can muka haɗu da wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, mutuniyar Filato ce da ta daɗe tana aiki a ƙasarmu. Ta kwance tsumman, ta duba ciwon. Ta huda masa yatsa ta ɗiga jini a wata 'yar na'ura, ta duba, ta sake hudawa ta sake dubawa. Umaru yana tsaye yana yi mata bayanin tauri. Ta bar shi ya gama, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Mama, Baba yana yawan shan ruwa? Yana yawan fitsari? Ya rame?"

Na ce, "Wa yag gaya miki?"

Ta ce, "Ciwon sukari ne, Mama, kuma ya daɗe a jikinsa. Shi ne ya kashe jijiyoyin ƙafar. Ba ƙarfi ta yi ba, mutuwa ta fara yi." Ta ɗaga kansa ta duba bayan wuya ta nuna mini baƙin nan. Ta ce sau da yawa wannan yakan fito tun ciwon yana bakin ƙofa bai shigo ba, kuma a lokacin ana iya mayar da shi baya. Na tuna soso da sabulun salo, na zauna a ƙasa.

Ka san sauran. A Sakkwaton nan da kake yanzu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Abin da ba ka sani ba, don kana makaranta a Bukkuyum, shi ne Umaru ne ya naɗe ta a farin ƙyalle ya kai maƙabarta aka binne. Ƙafar babanka ta riga shi kwanciya, kuma ba a gari ɗaya suke ba. Bayan mun dawo gida, ƙafar da ta ƙi jin wuta tana jikinsa, sai da aka rufe ta da ƙasa ta fara ciwo. Da rana tsaka zai ƙwala mini kira, "Abu, diddigena ka ƙuna, zo ki duba man!" In zo in tarar da tabarma fayau a inda yake nunawa. Wani lokaci har in sa hannu in shafa wurin don ya samu sauƙi, ya ce, "Yawwa, nan." Daga baya ido ya tafi, ƙoda ta bi. Har ya rasu bai daina jin ƙunar nan ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zame masa kaffara.

Bappanka bai taɓa yarda ba. Har gobe cewa yake likitoci ne suka karya maganin da allura. Ba na jin haushinsa, yana son yayansa ne, kuma labarin tauri ya fi daɗin faɗa a majalisa. Ni ban san gaskiyar tauri ba, ba fannina ba ne. Na dai san abin da ya hana babanka jin wuta.

Kada ka ɗauka gidanmu kaɗai ciwon nan ya shiga. Bayan rasuwarsa ma'aikatan lafiya sun zo nan garin gwajin sukari kyauta, aka ce manya su zo da safe kafin su karya. Muka yi layi muna raha, kowa ta ci ado kamar gidan suna. Wadda jininta ya fito daidai sai a ce ta tafi gida. Wadda aka ga wani abu sai a ce ta ɗan jira a benci ƙarƙashin dalbejiya. Na zaci mutum biyu ko uku za su zauna. Bencin ya cika. Aka kawo tabarma, ta cika, aka aro wata daga masallaci. Na leƙa ɓangaren maza, su ma haka. Raha ta mutu. Muka zauna muna kallon juna, mutanen da muka tashi tare, ba mai tari, ba mai nishi, kowa da ƙoshin lafiyarsa a ido. Akwai masu jiki, su suka fi yawa, amma har da wata Bafulatana mai kawo mana nono, siririya ƙwarai, wadda ta ce uwarta ma da ƙishirwa ta mutu. Wasu an ce musu ciwon ya riga ya shiga. Mafi yawanmu an ce muna bakin ƙofa. Ina cikinsu, Bello. An tambaye ni ko na taɓa haihuwar jariri mai girma sosai, na ce kai kanka da ƙyar ka fito, ungozoma har tana cewa na haifo mai yaye. Suka ce wannan ma alama ce, haka hawan jinin da nake fama da shi, haka shekaru.

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba, kunya nake ji a ce gidan nan miji da mata duk abu ɗaya. Wannan ma wauta ce, da na faɗa tun lokacin da ka fi shiri. Na dai bar sukari, na koma tuwon dawa da miyar ganye, na ƙwace ɗibar ruwa da surfe daga hannun yara, ana cewa Inna ba ta son hutu. Da na koma gwaji aka ce na ja baya daga ƙofar. Cikin waɗanda muka zauna ƙarƙashin bishiyar nan, wasu sun yi dariya sun ce ciwon masu kuɗi ne, ina talaka ina sukari. Yanzu in na bi layinmu da hantsi ina ganinsu a ƙofar gida, wannan da ƙafa a naɗe, wancan ana jan sa da sanda, wata an ce ta faɗi ɓarin jiki ya mutu. Ba kururuwa, ba motar baƙi. Ɗaya bayan ɗaya suke shigewa ɗaki, sai dai ka ji an ce wane ya kwana biyu bai fito masallaci ba.

To kai fa? Uba ya mutu da shi, uwa ta taɓa ƙofarsa. Tun da gonar nesa ta gagara zuwa ka aje hauya ka koma shagon cajin waya, kana zaune, lemo a gefe. Yanzu za ka ƙara zama a shagon yadi, a garin da kowane lungu mai shayi ne. Rigar sallar bara ba ta rufe maka ciki. Ina lura da yawan zuwanka randa. Ranar da wanzami ya yi maka askin tafiya ka sunkuyar da kai, ina bayanka da ƙwarya a hannu, na ga wuyanka. Baƙin nan ne, a daidai wurin, a lanƙwasa ɗaya. Na koma ɗaki na zauna.

Ga abin da nake so. Kafin ka fara zaman shago ka je asibiti da safe ba ka ci komai ba, ka ce a gwada maka sukari, ka gaya musu na babanka da nawa. In sun ce kana bakin ƙofa, ka gode wa Allah, don daga nan ana komawa. Ka raba kanka da lemon kwalba, shayi ka sha shi ba zaƙi, za ka saba, ni ma na saba. Ka ce wa Saratu ta riƙe dawa da gero da wake da ganye, kada ta ga birni ta ce shinkafa da taliya ne wayewa, kuma ita ma ta gwada. Ka tafi shago a ƙasa ka dawo a ƙasa, ko ana yi maka dariya. In kuma sun ce ya riga ya shiga, ka sha maganinsu kullum, kada ka aje don ka ji sauƙi, kada wani ya ce maka ga saiwar da ke tsinke shi gaba ɗaya. Mutane suna tsufa da shi da ƙafafunsu in sun kiyaye. Kada ka yi yawo ba takalmi, kuma in za ka yi alwala ka riƙa duba tsakanin yatsunka.

Akwai abu ɗaya da na yi maka ba ka sani ba. Jajibirin tafiyarku, bayan azahar, kana kwance ƙarƙashin rumfa barci ya ɗauke ka, ƙafafunka a miƙe. Na zaro tsinke daga tsintsiya na durƙusa a wajen ƙafarka. Na shafa tsinken a tafin, a hankali. Ba ka motsa ba. Na shafa a babban yatsa. Ba ka motsa ba. Gidan ya yi mini shiru, har kukan kaji na daina ji. Na juya tsinken ta wajen kaifi na caka da ƙarfi, ka zabura ka miƙe zaune kana riƙe da ƙafa, ka ce, "Inna! Mi na na haka?" Na ce maka kunama na zata na gani. Ka yi tsaki ka koma ka kwanta, ni na shige madafa na yi kuka, kukan murna ne da tsoro a haɗe. Ka ji tsinken ƙarshen. Na farkon ne ban sani ba, ko nauyin barci ne, ko kantar noma ce, ko abin ne ya fara. Ni ba zan iya ganewa ba, jinin ne zai faɗa. Shi ya sa ba zan samu natsuwa ba sai ka kira ni ka gaya mini abin da suka ce, yadda suka faɗa, ba ragi. Kada ka ce mini "lafiya lau" don ka kwantar mini da hankali.

Gurun ka riƙe shi, kayan babanka ne. Amma in wata rana wani abu mai zafi ya taɓa ka ba ka ji ba, kada ka yi murmushi, kada ka bari kowa ya taya ka murna. Ka tashi a lokacin ka nemi asibiti.

Ka gaishe mini da Saratu, ka shafa mini kan yara. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka halal mai albarka, Ya dawo mini da kai lafiya. Kowace uwa tana roƙon a raba ɗanta da jin zafi, ni ma haka na yi ta roƙo tun kana goye. Yau na canza. Allah Ya bar maka jin zafi a tafin ƙafarka har tsufa, ranar da za a ɗauke ka kuma, bayan shekaru masu yawa, a ɗauke ka gaba ɗayanka, da ƙafafunka biyu. Amin.

Wassalamu alaikum.

Innarka,
Abu